Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Hausawan Legas da Masu Makarantunmu: A Kai Yaranmu Marina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya da haƙurin jama'a. Malamanmu da masu makarantun boko da na Islamiyya a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da sauran unguwannin da 'yan'uwanmu suke zaune, ina gaishe ku da aiki. Ni ɗanku ne, malamin makaranta, a Agege aka yanke mini cibiya, a nan kuma nake koyarwa. Da na so in bi ku fada-fada in durƙusa in faɗi abin da ke raina, to amma maganar ta shafi mutane da yawa, shi ya sa na rubuta ta a fili domin kowa ya gani. Idan na yi kuskuren lafazi, a yafe wa yaro.

A hutun da ya wuce kawuna ya zo daga Kano ganin likita. Da ya samu sauƙi sai ya ce yana so kafin ya koma a kai shi ya ga motar da aka kashe Murtala a ciki. Na ɗauke shi tare da 'ya'yana biyu, namiji ɗan shekara 11 da ƙanwarsa, muka shiga mota zuwa tsibirin Legas, wanda kawu har yau Ikko yake ce masa. Muka sauka a CMS. Duk wanda ya taɓa shiga tsibiri ya san wannan tasha, ya ji kwandastocin danfo suna kwarara sunanta tun asuba. Muna sauka sai yarona ya ɗaga kai ya nuna wani gini mai ruwan toka da doguwar hasumiya mai agogo, ya ce, "Baba, wancan gidan wane ne?" Na ce masa coci ne. Ya ce, "Wa ya gina shi? Yaushe?" Sai na yi shiru. Shekara da shekaru ina wucewa ta gindin wannan gini, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma ban iya amsa tambaya biyu daga bakin ɗana ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma shi ne mafarin wannan wasiƙa.

Ginin nan shi ne babbar majami'ar ɗarikar Angilika ta Legas, wadda suke kira Cathedral Church of Christ, a kan titin Marina. Sunan tashar ma daga wajensu ya fito: CMS gajarta ce ta sunan ƙungiyar mishan ta Ingila da ta kawo wannan ɗarika ƙasar nan, kuma dogon benen kantin littattafansu yana nan kusa. An aza harsashin cocin farko a wurin a 1867. Wanda muke gani yanzu kuwa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, shi ya aza tubalinsa a ranar 21 ga Afrilu, 1925, ba a kammala ba sai 1946. Da na karanta wa kawu wannan daga baya sai ya ce ai ya san labarin yariman, domin a wannan zuwan ne aka yi masa gagarumin hawan daba a Kano, kakanninmu suna ba da labarinsa. Ashe tafiya ɗaya ce ta haɗa dawakan Kano da wannan tubali na bakin ruwan Ikko.

Na yanke shawarar mu nemi izinin shiga. Kawu ya ce shi kam zai jira mu a inuwa, bai saba ba, kuma ban matsa masa ba ko kaɗan. Ranar aiki ce, ba a ibada a lokacin. Na yi wa mai kula da ƙofa bayani cewa mu Musulmi ne, ni malamin makaranta ne, ina so yara su ga ginin. Ya dube mu, ya dubi hijabin 'yata, ya ce mu shigo. A bakin ƙofa yarona ya sunkuya zai cire takalmi kamar yadda ya saba a masallaci. Mutumin ya yi murmushi ya ce ba sai ya cire ba. Daga nan yaron ya gane da kansa cewa kowane ɗakin ibada da irin ladabinsa, ya rage murya, ya riƙe hannun ƙanwarsa.

Abin da ya fara kama ni shi ne shiru. A waje ƙarar danfo ce da hon da masu talla, da jirgin ƙasa yana wucewa ta sama, amma da ka taka ciki sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga. Rufin ya yi nisa sama, ginshiƙai sun jeru, bencinan katako sun yi santsi saboda shekarun da aka yi ana zama a kansu. Hasken rana yana ratsowa ta tagogin gilashi mai launi-launi yana zuba a ƙasa, 'yata ta sa tafin hannunta a cikin hasken tana kallon yadda ya koma ja da shuɗi. Can gaba ga bututunan babban abin kiɗan nan nasu da ake kira ogan, wanda wani kamfanin Jamus ya haɗa. A jikin bango akwai alluna ɗauke da sunayen mutanen da suka rasu tun zamanin Turawa. Ba mu wuce rabin sa'a ba muka yi godiya muka fito.

Ranku ya daɗe, na san abin da wasu za su ce da sun karanta wannan: me ya kai Musulmi coci, har da yara? Ni ba mai ba da fatawa ba ne, malamanmu suna nan, su ne za su faɗa mana iyakar da ya kamata a tsaya. Abin da na sani shi ne ba ibada ta kai mu ba, ba mu kuma yi ta ba. Azahar tana yi muka nufi Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe muka yi sallarmu. Na kuma san cewa a Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya ambaci majami'u tare da masallatai a cikin wuraren da ya kare daga rushewa. Imanin ɗana bai ragu ba don ya ga inda maƙwabcinsa yake ibada. Abin da ya ragu shi ne tsoron da yake yi wa wurin, tsoron da ni ma na taso da shi ba tare da kowa ya taɓa gaya mini dalilinsa ba. Kada mu manta kuma akwai Hausawa Kirista, 'yan'uwanmu ne na harshe da na jini. Wannan ɗarikar ce ta kafa mishan a Wusasa kusa da Zariya, inda Janar Yakubu Gowon ya tashi, kuma a cikin wannan majami'a ta Marina aka ɗaura aurensa a watan Afrilun 1969, yana shugaban ƙasa.

Wanda ya fi kowa jan tunanina shi ne mutumin da ƙasusuwansa suke kwance a harabar wurin, Samuel Ajayi Crowther. Yaro ne Bayerabe daga garin Osogun, aka kama shi bawa a 1821. A nan dole mu faɗi gaskiya ko da tana da ɗaci: cikin maharan da suka kama shi akwai Musulmi, shi da kansa ya faɗi haka a labarin rayuwarsa. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin fataken bayi na Fotugal a nan Ikko. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a teku a 1822, aka sauke shi a Saliyo, ya yi karatu, har a 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Angilika. Ya rasu a Legas a ranar ƙarshe ta shekarar 1891. An fara binne shi a makabartar Ajele, da gwamnati ta tashi makabartar sai aka mayar da shi nan a 1976.

To ina ruwan Bahaushe da shi? Da ruwanmu ƙwarai. Crowther yana cikin tawagar da ta bi kogin Kwara a 1841 tare da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda daga baya ya tattara kalmomin Hausa ya buga ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, wani yaro daga ƙasar Damagaram da ya je har Ingila. Rubutun bokon da nake yi muku wannan wasiƙa da shi, wani reshe na asalinsa daga wannan aiki ya tsiro. Crowther ya yi shekaru yana kai da komo tsakanin Lakwaja da Bida, ya zauna gaban Etsu Masaba cikin girmamawa, ba a taɓa jin ya zagi addinin mai masaukinsa a fadarsa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a shekarun 1880 Etsu Maliki na Nufe ya aika masa da wasiƙa cikin harshen Hausa, yana roƙonsa ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa, domin tana lalata masa jama'a. Ku duba fa: sarki Musulmi ya ga ɓarna tana cin talakawansa, ya nemi bishop ya taya shi yaƙarta, kuma Hausa ce ta ɗauki saƙon. Yau da ƙwaya da sholisho suke cin samarinmu a tashoshi da ƙarƙashin gada, wannan labari ya cancanci kowane ɗalibinmu ya ji shi, a tsaye a gaban kabarin mutumin da aka aika wa wasiƙar.

Daga cocin muka bi Broad Street da ƙafa. Nan kam gida ne, domin kowane taku sai ka ji Hausa: 'yan canji, masu shayi, masu gyaran takalmi, 'yan dako, masu gadin bankuna. Na tsaya gaisawa da wani dattijo ɗan canji, na tambaye shi ko ya taɓa sanin tarihin gine-ginen da ke kewaye da shi. Ya ce, "Malam, mu nema ya kawo mu." Ban ga laifinsa ba, neman halali ibada ne. Sai dai maganarsa ta nuna mini ciwonmu. Mun ɗauki kanmu baƙi 'yan ci-rani a garin da wasunmu kakanninsu a nan aka binne su. Wanda kuwa ya ɗauki kansa baƙo, ranar da aka ce masa baƙo ne ba shi da bakin musu.

Alhali tun 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara Hausawa, akasarinsu bayin da suka gudu daga iyayen gijinsu, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga wannan ƙaramar ƙungiya take ƙirga asalinta. Zauren tunawa da Glover yana nan a tsibirin. Obalende da muke zuwa cin tsire, tsofaffin sojojin Hausa suna cikin waɗanda suka fara zama a cikinta. Ba ina cewa duk abin da waɗannan sojoji suka yi abin alfahari ba ne, domin da su Bature ya ci garuruwa da dama, har da namu na Arewa. Amma tarihinmu ne, da daɗinsa da ɗacinsa, kuma ya nuna cewa ƙafar Bahaushe ta fi shekara 160 a wannan tsibiri.

A kan Broad Street ɗin ne tsohon gidan yarin Turawa yake, wanda aka mayar wurin shaƙatawa a 2010 aka sa masa suna Freedom Park. An bar siffar ɗakunan fursunoni domin a ga ƙanƙantarsu. Yarona ya shiga ɗaya ya miƙa hannuwa, ya ce, "A nan mutum yake kwana?" A wannan kurkuku aka taɓa tsare Herbert Macaulay, jikan Crowther ta wajen uwa, wanda hotonsa yake kan tsohuwar naira ɗaya. Shi ma ƙarshensa ya bi ta wajenmu: yana rangadin siyasa a Kano a 1946 ciwon ajali ya kama shi, aka dawo da shi Legas ya cika. Shawarata ga malamai ita ce a kai yara wurin da rana, domin da dare wurin kiɗa da shaye-shaye ne, bai dace da ɗalibai ba.

Wanda zai kai yara cocin Marina, to lallai ya kai su masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, tafiyar ƙafa ce. Ƙaramin masallaci ne mai ƙirar magina da suka dawo daga Barazil, an buɗe shi a 1894. Wanda ya gina shi da dukiyarsa, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, cikin zuriyar bayin da aka 'yanta, tushensu ɗaya da Crowther ke nan, ɗaya ya zama bishop ɗaya ya gina masallaci. Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya na Santambul ne ya ba shi sarautar Bey, ya kuma turo wani Baturen Ingila da ya musulunta, Abdullahi Quilliam na Liverpool, ya wakilce shi a bikin buɗewa. Idan yaro ya ga waɗannan ɗakunan ibada biyu a wuni ɗaya, ya ji labarin mutanen biyu, ba sai an yi masa dogon wa'azin zaman lafiya ba.

Akwai dalilin da ya sa nake cewa a gaggauta. Kusa da dandalin Tinubu akwai wani tsohon gida mai ƙirar Barazil da ake kira Ilojo Bar, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. A watan Satumban 2016 aka wayi gari an rushe shi. Wanda bai gan shi ba kafin ranar, sai dai hoto. Ƙasa a tsibirin nan tsada gare ta, tsofaffin gidaje kuma kullum raguwa suke yi.

Da la'asar ta kusa muka isa inda kawu yake ɗoki. Mun bi ta dandalin Tafawa Balewa, da manyan dawakansa farare da jajayen mikiyoyi a bakin ƙofa. Nan ne tsohon filin sukuwa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore a ranar 1 ga Oktoba, 1960, Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya karɓi takardun mulkin kai. Na ciro naira biyar na nuna wa yara fuskarsa. Daga nan muka gangara Onikan, gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1957. Akwai kawunan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna da tagullar Binin da sauran kaya masu yawa, amma kawu bai tsaya ko'ina ba sai gaban baƙar Marsandin nan.

Ya daɗe a tsaye bai ce komai ba. Ramukan harsasai suna nan a jikinta kamar jiya aka yi. Yarona ya fara ƙirga su da yatsa daga nesa, sai ya lura kakansa yana share ido da bakin rawani, ya sauke hannunsa. Can kawu ya ce ranar Juma'a ce, 13 ga Fabrairu, 1976, yana saurayi a kasuwar Kwari labari ya iso, ya ga manyan mutane suna kuka a titi kamar yara. Ya ɗaga hannu ya yi wa Murtala addu'a, muka shafa tare. A mota muna komowa yaran ba su bar shi ya huta ba, tambaya kan tambaya, shi kuma ya buɗe baki ya ba su labaran da ni kaina ban taɓa ji daga gare shi ba. A aji na sha koyar da wannan rana daga littafi, ban taɓa ganin ta shiga zuciyar yaro kamar yadda ta shiga a wannan yammaci ba.

Saboda haka ga roƙona, ranku ya daɗe. Kowace makaranta tamu ta ware rana ɗaya a zango ta kai ɗalibanta wannan zagaye. Ba abu ne mai cin kuɗi ba: daga cocin zuwa gidan tarihi duk tafiyar ƙafa ce, abin da ake bukata kuɗin mota ne da na shiga gidan tarihi da ɗan abin taɓawa. Waɗanda suke ɓangaren Mile 2 ma jirgin ƙasan da ya fara aiki a watan Satumban 2023 zai sauke su a Marina, shigarsa kaɗai abin murna ne ga yaro. Attajiranmu na kasuwar shanu da na Mile 12 da 'yan canji, wanda ya ɗauki nauyin mota ɗaya ya yi sadaka mai gudana.

Amma kafin a kwashi yara, ku iyayenmu ne ya kamata ku buɗe hanya. Ni na je da 'ya'yana biyu kawai aka karɓe mu da mutunci, sai dai ɗalibai arba'in ba a kai su ɗakin ibadar mutane ba sallama. Idan tawagar sarakunanmu da limamai ta kai ziyarar ban-girma ga shugabannin majami'ar, aka zauna aka tsara ranakun da ba su da ibada, aka ji abin da suke so a kiyaye game da hoto da sutura da inda ba a takawa, to malamai za su samu ƙwarin gwiwa, iyaye kuma hankalinsu zai kwanta. Ku kuma gayyace su su kawo nasu ɗaliban su ga masallatanmu da fadojinku. Uban da ya ce ɗansa ba zai shiga ciki ba, a girmama ra'ayinsa, yaron ya tsaya daga waje kamar yadda kawu ya tsaya, ya ji tarihin daga can.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna shi ne duk bayanin da muka tarar a wuraren nan da Turanci yake. Kawu ba ya karanta Turanci, sai da na riƙa fassara masa. Wannan aikinmu ne, ba sai mun jira wani ya yi mana ba. Muna da samari masu digiri a tarihi suna zaune ba aiki, muna da tsofaffi a Obalende da Agege da suke riƙe da labarin zuwan kakanninsu a ka, kullum kuma ana binne ɗaya. A naɗa kwamiti ƙarami ya zauna da su da na'urar ɗaukar murya, a rubuta ɗan littafi da Hausa, boko da ajami, wanda malami zai riƙe a hannu yana zagayawa da yara. Samarin da suka koyi aikin za su iya zama 'yan rakiya ga baƙin da suke zuwa daga Arewa da Nijar, su samu na kansu.

Ni dai na riga na nemi izinin shugaban makarantarmu, zango mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai 'yan aji shida. Na fara rubuta bayanin kowane wuri da Hausa a littafin rubutu, na kai shafi goma sha biyu. Duk fadar da ta kira ni zan zo da shi in karanta a gabanku, ku gyara mini inda na kauce.

Allah ya ƙara wa iyayenmu girma, ya raya mana zuriya.

Wassalam.

Ɗanku,
Malamin makaranta daga Agege, Legas